Gyaran ƙasan cikin tsohon jirgin katako: kada ka yi gaggawar zuba kwalta

Wani matashi daga Lagdo, garin da ke bakin tafki a arewacin Kamaru, ya aiko mini da tambaya kamar haka: "Baba, mahaifina ya rasu ya bar mini jirgin katako, tsawonsa wajen mita 11, ya fi shekara 15 yana ruwa. Mun jawo shi tudu za mu gyara. Gefunansa da sauƙi, amma ƙasan cikinsa, inda ruwa ke kwanciya, ya yi baƙi ƙirin, ga tsohuwar kwalta, ga mai, ga wari. Wasu sun ce in narka sabuwar kwalta in malale wurin, wasu sun ce siminti ya fi. Wanne zan yi?"

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa jirgin nan ya zame maka hanyar abinci kamar yadda ya zame masa. Amma daga kwaltar har simintin kada ka zuba ko ɗaya. Abin da ke gabanka ba aikin rufewa ba ne, aikin buɗewa ne. Sai ka ga katakon da idonka, ka taɓa shi da hannunka, ka san inda yake da rai da inda ya mutu, sannan a yi maganar abin da za a shafa masa.

Bari in fara da dalilin da ya sa ƙasan jirgi ke riga ko'ina lalacewa, domin idan ka gane wannan sauran zai zo maka da sauƙi. Ba ruwa ne ke cin katako ba, wani irin fumfuna ne da ke rayuwa a cikinsa, kuma yana buƙatar abu uku: laima, iska da ɗumi. Katakon da ke nutse cikin ruwa kullum ba ya saurin ruɓa saboda babu iska. Wanda ya bushe, danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ma ba ya ruɓa. Wanda ke tsakiya, yau jiƙe gobe rabin bushe, shi ne abincin wannan fumfuna, kuma haka ƙasan cikin jirgi yake tun daga ranar da aka sa shi a ruwa. Ƙari a kan haka, ruwanmu na Lagdo da Binuwai da Logon da Maga duk ruwan daɗi ne. Masu jiragen teku gishiri na ɗan taimakonsu wajen hana ruɓa, mu ba mu da wannan. Sai ka haɗa da yauƙin tarwaɗa da ɓawon karfasa da laka da ke taruwa a gindin haƙarƙarin jirgi, wato katakan da ke gicciye a ciki suna riƙe jikinsa, su riƙe laima dare da rana, ga zafin ƙasarmu. To duk abin da za ka shimfiɗa mai kauri a kan wannan wuri, idan ruwa ya sami ƙofar shiga ƙarƙashinsa, ba zai sami ƙofar fita ba. Kuma zai samu, domin ruwa na ratsowa ta waje ma, ta haɗin katakai da ramukan ƙusa.

Ni da kaina na taɓa yin wannan kuskure, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Ina farkon sana'a, a bakin Logon kusa da Kusiri, wani mai jigilar banda ya kawo mini jirgi yana sauri, kasuwa na jiransa. Kwana uku kawai muka shanya shi, na narka kwalta a rabin duro na malale ƙasan, ya yi sumul yana ƙyalli, mai jirgi ya biya ya yi godiya. Bayan damina biyu ya dawo da shi yana yoyo. Na sa bakin kurfi a gefen kwaltar, sai ta ɗago gaba ɗaya kamar tabarma. A ƙarƙashinta katakon ya koma ruwan ƙasa, ya tsattsage gida-gida, ga wani farin zare kamar saƙar gizo ya bi jikinsa. Na danna da babban yatsa, yatsan ya shige. Katako huɗu muka cire, waɗanda da na bar su sun sha iska da sun ƙara shekaru. Har yau idan na tuna cewa mutumin nan yana ɗaukar mutane a kan wannan katako, sai gabana ya faɗi.

Kwalta tana da wata matsalar kuma. Fetur na narkar da ita. Jirgin da ke da inji, kullum ana haɗa mai da fetur a cikinsa, ana juye jarkar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, dole wani ya zube ya gangara ƙasa. Nan kwaltar za ta yi laushi, ta riƙa manne wa ƙafa da koma da kifi. Da rana kuma baƙinta na jan zafi. Wurin kwalta a waje ne, a kan haɗin katakai, siririya. Siminti kuwa ya fi ta muni. Jirgin katako yana motsi, yana lanƙwasa kaɗan duk lokacin da ya hau igiyar ruwa, siminti ba ya lanƙwasa, sai ya tsage ya rabu da katakon, ruwa ya kwanta a tsakani. Sannan ka lissafa nauyi: idan ka shimfiɗa shi tsawon mita 8, faɗin mita 1, kaurin santimita 3 kacal, ka ɗora wa jirginka wajen kilo 500, wato buhu goma na kilo 50 da za ka riƙa yawo da su kullum, kana ƙona musu mai, ba mai biyanka kuɗin dakonsu.

Yanzu ga aikin. Ka ɗora jirgin a kan gungume aƙalla huɗu ko biyar, a jere daidai, don kada bayansa ya lotsa, kuma iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi. Ka yi masa rumfar zana. Wannan rumfa ba ado ba ce. Iskar hunturu da ranar bazara, musamman ta Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a yankin Garwa, suna busar da katako da gaggawa har ya tsage, haɗin ya buɗe ka riƙa hango ƙasa ta ciki. So muke ya bushe a hankali cikin inuwa. Ka cire duk abin da ke ciruwa: benci, shimfiɗar katako idan akwai, tsofaffin facin kwano da aka buga daga ciki.

Tsohuwar kwalta a kankare ta da sassafe, lokacin da sanyi ya sa ta ƙage, za ka ga tana ɓallewa ɓaro-ɓaro. Idan rana ta ɗaga sai ta koma kamar ƙaro, ta liƙe wa kurfi, ka yini ba ka gama taku biyu ba. Na san akwai masu kunna ciyawa ko tsumma a ciki don kwaltar ta narke. Ina roƙonka kada ka yi. Katakon da ya sha fetur shekara 15 ba a kai masa wuta, kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya. Idan a ƙarƙashin kwaltar ka tarar da jan fenti irin na da, wanda ake kira miniyom, ka sani akwai dalma a cikinsa. Ka yayyafa masa ruwa kafin ka kankare don kada ya tashi ƙura, ka rufe hanci da baki, ka kori yara daga wurin, ka tattara abin da ka kankare a buhu, kada ya koma tafki.

Bayan kankara sai yaƙi da mai, kuma nan ne yawancin mutane ke gajiya. Fenti ba ya kama katakon da ya sha mai, ko na nawa ka saya. Ka fara da barbaɗa garin katako ko toka a wuraren da suka fi baƙi, ka bari ya kwana ya tsotse, ka share, ka sake. Sannan ka wanke da ruwan zafi da garin sabulu da buroshi mai tauri. Kanwa ma tana yanke mai sosai, kuma ba ta da wuyar samu a ƙasarmu, sai dai idan ka yi amfani da ita ka ɗauraye da ruwa mai yawa sau biyu ko uku, domin ragowarta na cin fentin mai daga ƙasa. Ka karkata jirgin ruwan wankin ya fita a tudu, nesa da bakin ruwa. Yadda za ka san ka gama: idan wurin ya bushe, ka ɗiga masa ruwa. In ɗigon ya bazu ya shige katako, mai ya fita. In ya dunƙule ya tsaya kamar a kan ganyen gwaza, da sauran aiki. Wani wurin, musamman can baya kusa da inji, sai ka wanke sau huɗu. Wani wurin kuma ba zai taɓa fita ba, sai ka haƙura ka bar shi ba fenti, ya fi ka shafa abin da zai ɓare cikin wata guda.

Wannan ya kawo ni ga baƙin mai, wanda ake juyewa daga injin mota, da wasu ke shafa wa jirgi wai yana hana ruɓa. Idan mahaifinka ya taɓa shafawa, za ka sha wahalar wanki. Kai dai kada ka ƙara. Yana hana fenti kama katakon, yana sa santsi, kuma kifin da mutane za su ci a kansa yake kwanciya, ruwan da kake kwarfewa kuma da shi yake komawa tafki.

Da katakon ya fito fili, sai bincike. Ka ɗauki sukudireba ko basilla da ƙaramar guduma, ka durƙusa, ka bi jirgin daga goshi zuwa baya taku-taku, kada ka tsallake ko tafin hannu. Lafiyayyen katako idan ka ƙwanƙwasa yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dif, kamar ka bugi buhun dusa. Ka soka bakin ƙarfen ka ɗaga: mai rai zai ba ka dogon sartse mai ƙarfi, matacce zai gutsure guntu-guntu. Wuraren da za ka fi tsananta bincike su ne gindin kowane haƙarƙari inda ya kwanta a kan katakon ƙasa, da kusurwar da gefe ya haɗu da ƙasa, da ƙasan katakon baya inda ake ɗaura inji. Wannan na ƙarshe shi ke ɗaukar girgiza da turin inji, ruwa ma can yake gangarawa idan jirgi na gudu. In ya yi laushi ko kaɗan, a canza shi, ba a yi masa faci.

Ka duba ƙusoshi. Duk inda ka ga baƙin zobe kewaye da kan ƙusa, tsatsa ce ta ci katakon wurin. Ka zare biyu ko uku ka gani. Sau da yawa kan na nan lafiya, amma tsakiyar, daidai inda katako biyu suka haɗu, ta sirance kamar allura. Idan ukun da ka zare haka suke, to sauran ma haka suke, sai ka ƙara sababbi kusa da tsofaffin, ka huda sabon rami, tsohon ramin kuma ka toshe shi da fegin katako. Ka nemi farar ƙusar nan da ake kira galba, ta fi baƙa daɗewa nesa ba kusa ba. Kada ka cakuɗa ƙusar tagulla da ta ƙarfe a wuri ɗaya mai laima, ta ƙarfen za ta fi saurin cinyewa.

Inda ka sami ruɓa, ka yanke har ka wuce ta da kamar tafin hannu cikin lafiyayyen katako, domin zaren fumfunar yana gaba da inda ido ke gani. Sabon katako kuma ya kai daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari, ya sami abin kamawa. Game da irin itace, maɗaci da kawo da loko suna jure laima. Farin katakon nan mara nauyi da ake kawowa daga kudu, wanda ake kira ayus, yana da araha da daɗin aiki, amma a ƙasan jirgi ba ya kai ko'ina, ka bar shi ga benci. Kowane katako ka saya, ka guji farin gefensa na kusa da ɓawo, shi ke fara ruɓa. Kafin ka buga sabon guntu, ka shafe bakinsa inda zarto ya yanka da fuskar da za ta ɓuya, domin ta bakin nan katako ke shan ruwa kamar rake, kuma da zarar ka buga shi ba za ka ƙara kai hannu wurin ba.

Akwai wani ƙaramin abu da na fi so ka yi fiye da fentin kansa. A yawancin jiragenmu haƙarƙari na kwance ɗam a kan ƙasa, sai kowane tsakani ya zama ɗan kududdufi, ka kwarfe nan, can na nan da ruwa. Ka yanka 'yar ƙofa kamar santimita 2 a ƙasan kowane haƙarƙari, a wurin da ya fi gangare, don ruwa ya bi ya taru wuri ɗaya inda kake kwarfewa. In haƙarƙarin siriri ne, ka ƙara masa guntun katako a sama kafin ka yanka. Ka shafe cikin ƙofar da fenti, kuma ka ajiye guntun waya na zuƙe ta, don ɓawon kifi na toshe ta.

Sai shanya. A hunturu, cikin inuwa, katako mai kaurin santimita 2 da rabi zuwa 3 ina ba shi mako biyu zuwa uku bayan wankin ƙarshe. Don ka tabbatar, ka shimfiɗa guntun leda a wurin da ya fi zurfi, ka danne gefunanta da yashi, ka dawo da safe. In ka ga gumi a ƙarƙashinta ko katakon ya yi duhu, ka ƙara kwanaki. Amma kada ka bar shi wata da watanni a tudu har ya ƙeƙashe.

To, me za a shafa? Fentin mai na gama-gari, mai kyau, ba fentin ruwa na bango ba. Shafin farko ka tsinka shi da tina, kamar kashi ɗaya cikin biyar, ya zama ruwa-ruwa don katako ya sha. Ka cusa shi da buroshi cikin kowace kusurwa. Bayan ya bushe sosai, kwana ɗaya ko biyu, ka ɗan goge da samfefa, ka ƙara shafi biyu sirara. Sirara nake nufi. Fenti mai kauri yana yin fata a sama alhali cikinsa ɗanye, ga shi yana komawa irin matsalar kwalta. Siririn fentin mai yana rage shan ruwa, yana sa wanki ya yi sauƙi, amma ba ya kulle katako ruf. Ka yi shafin da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, ko da la'asar, ba da tsakar rana ba, kuma ba ranar da hazo ke zubo ƙura ba. Launi kuwa ka zaɓi ruwan toka mai haske. A kan baƙi ba ka ganin komai, a kan ruwan toka ɗigon yoyo da jan layin tsatsa suna nuna kansu tun suna ƙanana, ƙugiyar da ta faɗi ma kana ganinta kafin ka taka. Inda ragowar kwalta ta ƙi fita daga jikin katako, za ta riƙa ɓullowa ta cikin fenti ruwan ƙasa-ƙasa. Ka fara shafa wa wurin fentin azurfa, irin wanda ake yi wa kwanon rufi, yana tare ta.

In ka sami man linsid, wani man tsaba mai bushewa da masu fenti ke amfani da shi, shi ma yana da kyau a shafin farko, amma tsumman da ka goge shi da shi kada ka dunƙule ka jefar, yana iya kama wuta da kansa, ka shanya shi a buɗe ko ka jiƙa shi da ruwa. Man gyaɗa ba ya maye gurbinsa, ba ya bushewa. Masu cewa a liƙa fiba a ciki kuwa, wato ƙyallen zaren gilashi da ake mannawa da gam, wannan na jirgin roba ne. A kan katakai da ke kumbura suna motsewa, ba ta daɗewa take saki, ruwa ya shige ƙarƙashinta.

Toshe haɗin katakai daga waje ake yi, da auduga murɗaɗɗiya, abin da ba ma rasawa a ƙasar Garwa. Tunda katakon a bushe yake, kada ka cusa ta da ƙarfin tsiya. Idan ya koma ruwa zai kumbura ya matse da kansa, in ka cika wurin tun yanzu sai ya ture ƙusa ko ya tsage. A kan audugar ne kwalta ke da amfani.

Abu na ƙarshe da zan so ka kashe wa kuɗi shi ne shimfiɗar katako mai ciruwa, sirara da tazarar yatsa a tsakaninsu, a ɗora su kan haƙarƙari. Ƙafa da anga da kwandon kifi ba za su ƙara goge fentin ba, kifi ba zai kwanta cikin ruwan mai ba, iska kuma za ta riƙa bi ta ƙasa. Ka yi ta guntu-guntu yadda mutum ɗaya zai iya ɗagawa, kada ka buge ta da ƙusa. Jarkar mai kuma ka sama mata tsohon baho ta zauna a ciki, a nan za ka riƙa haɗawa da juyewa.

Bayan shafin ƙarshe ka ba fentin mako guda ya yi ƙarfi. Ranar da za ku tura jirgin, ku ɗaure shi a wurin da ruwa bai wuce gwiwa ba, ba inji, ba kaya. Zai yi yoyo ranar farko, kada hankalinka ya tashi, katako ne ke shan ruwa yana rufe bakinsa. Ka bar shi kwana biyu ko uku. A safiya ta huɗu ka kwarfe shi tas, ka goge ƙasan da tsumma, ka zauna a benci rabin awa kana kallo. Duk inda ka ga ruwa ya sake tsatsowa a kan ruwan tokar nan, ka yi masa alama da gawayi, ka jawo jirgin gefe ka gyara wurin daga waje kafin ka ɗaura inji ko ka ɗauki mutum ko ɗaya.